Shin Allah Namiji Ne? Amsa Kan Aƙidar Musulunci da ta Mabiya Mormon

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karatun aikin jinya a Amurka, kuma ina da ƙawa 'yar cocin Mormon, mai kirki da kamun kai, ba ta shan giya, ko shayi ma ba ta sha. Ta ce mini addininsu da namu sun yi kusa, domin mu ma muna ce wa Allah "Shi", kuma Alƙur'ani ya ambaci hannunsa da fuskarsa, ke nan mun yarda namiji ne mai jiki. Ta ƙara da cewa su bayan Uba suna da Uwa a sama, kuma hakan ya fi girmama mata. Na san ba haka muka yi imani ba, amma na kasa yi mata bayani. Ina neman ƙarin haske.

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, abin da ƙawarki ta faɗa miki game da aƙidar cocinsu gaskiya ne, haka suke koyarwa, amma abin da ta ɗauka game da tamu aƙidar ba haka yake ba, kuma ban ga mugun nufi a cikin maganarta ba, ta dai auna hatsinmu ne da mudun gidansu. Na daɗe ina karanta littattafan mutanen nan, kuma abin da na fahimta shi ne maganar namiji ko mace reshe ce kawai. Saiwar tana cikin wata tambaya ta daban, wato shin Allah da ɗan Adam iri ɗaya ne, bambancinsu na daraja da ƙwarewa ne kurum kamar na uba da jaririnsa, ko kuwa Mahalicci daban yake, abin halitta daban, babu wani tsani da zai kai ɗaya matsayin ɗaya? Mormon sun ɗauki amsa ta farko, Musulunci ya tsaya kan ta biyu, kuma duk sauran saɓanin daga nan ya tsiro.

Sunan cocin a hukumance, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, kuma tun shekarar 2018 shugabanninsu suka roƙi a daina kiransu Mormon, saboda haka ya kyautu ki tambayi ƙawarki sunan da ta fi so, ni dai zan riƙe sanannen sunan ne don sauƙin magana. Joseph Smith ne ya kafa cocin ranar 6 ga Afrilun 1830 a jihar New York, yana ɗan shekara 24. Bayan an kashe shi a kurkukun Carthage da ke jihar Illinois ranar 27 ga Yunin 1844, Brigham Young ya ja mafi yawan mabiyansa zuwa yamma, suka sauka a kwarin Salt Lake a 1847, inda hedkwatarsu take har yau a jihar Utah. Yawansu ya haura miliyan 17, kuma tun ƙarshen 1978 suka fara aiki a hukumance a Najeriya da Ghana, har suka buɗe haikali a Akra a 2004 da wani a Aba a 2005. Kamanta su da Musulmi kuwa tsohon zance ne. Abokan gabar Joseph Smith sun yi hakan tun yana raye da nufin muzanta shi, wani masanin tarihi Bajamushe, Eduard Meyer, ya yi littafi a 1912 yana gwama farkon addinan biyu, su kansu shugabannin cocin sun fitar da sanarwa a Fabrairun 1978 inda suka ambaci Annabi Muhammadu (SAW) cikin manyan jagororin addini da suka samu rabo daga hasken Allah. Akwai kamanni na zahiri da ba a musu, kamar da'awar annabci da zuwan mala'ika da sabon littafi, da haramta giya, da azumi, da auren mace fiye da ɗaya wanda suka yi kafin su dakatar da shi a 1890. Amma a kan zatin Allah, ni a ganina Mormon sun fi Katolika da sauran manyan ɗarikun Kirista nisa da Musulunci, domin waɗancan duk da aƙidarsu ta uku-cikin-ɗaya sun yarda cewa Allah ba shi da farko, ba jiki ba ne a zatinsa, kuma daga babu ya samar da komai, su kuwa Mormon sun taɓa dukkan waɗannan ukun.

Labarin ya fara ne daga abin da suke kira Wahayi na Farko. Joseph Smith ya ce a bazarar 1820, yana yaro ɗan shekara 14, ya shiga wani kurmi kusa da garin Palmyra yana addu'a, sai ya ga mutum biyu tsaye a cikin haske a samansa, ɗaya ya nuna ɗayan ya ce wannan ne ƙaunataccen ɗansa, a saurare shi. Daga wannan labari cocin yake koyar da cewa Uba da Ɗa mutum biyu ne rababbu, kowanne da surarsa. A littafinsu mai tsarki da ake kira Koyarwa da Alkawura, sashe na 130 aya ta 22, wanda aka ɗauko daga bayanin da ya yi a Afrilun 1843, an faɗa ƙarara cewa Uba yana da jiki na tsoka da ƙashi wanda ake iya taɓawa kamar na mutum, haka shi ma Ɗa, Ruhu Mai Tsarki ne kaɗai ba shi da irin wannan jiki. Su ukun ɗaya ne a nufi da manufa da aiki, amma ba ɗaya ba ne a zati. Kuma dole a fahimci cewa a wurinsu jiki ba tawaya ba ne, kamala ce, domin sashe na 131 na wannan littafi ya ce babu wani abu da ba maddah ba, wato sinadarin da jiki yake haɗuwa da shi, ruhu ma maddah ce, ta dai fi laushi da tsabta ne. Wanda ya yarda da wannan ƙa'ida, ba shi da wurin da zai ajiye Allahn da ba jiki ba.

Ranar 7 ga Afrilun 1844, ƙasa da wata uku kafin a kashe shi, Joseph Smith ya yi wata huɗuba a garin Nauvoo don tunawa da wani mabiyinsa mai suna King Follett wanda ya rasu a haɗarin gina rijiya. A cikinta ya ce Allah kansa ya taɓa zama kamar yadda muke a yanzu, mutum ne da aka ɗaukaka, kuma ya taɓa rayuwa a kan wata ƙasa. Ya kuma ce kalmar Ibraniyanci da ake fassarawa da "halitta" a farkon Attaura ba ta nufin samarwa daga babu, tana nufin tsarawa ne, kamar yadda mai ƙera jirgin ruwa yake tattara katako ya haɗa. Ainihin hankalin ɗan Adam ma, a cewarsa, ba halittarsa aka yi ba, ya daɗe kamar yadda Allah ya daɗe. Lorenzo Snow, wanda daga baya ya zama shugaban cocin na biyar, ya dunƙule wannan aƙida a baiti biyu da kowane Mormon ya sani, ma'anarsu ita ce yadda mutum yake a yanzu haka Allah ya taɓa zama, yadda Allah yake a yanzu haka mutum zai iya zama.

Adalci ya wajabta in faɗa miki cewa ba duk wannan ne yake da nauyi ɗaya a wurinsu ba. Huɗubar King Follett ba ta cikin littattafansu masu tsarki, kuma da mujallar Time ta tambayi shugabansu Gordon B. Hinckley a 1997 ko Allah ya taɓa zama mutum, ya nuna cewa ba abu ne da suke nanatawa a koyarwarsu ba. Wasu masu tunani a cikinsu suna fassara maganar da cewa Uba Allah ne tun fil'azal, ya dai ɗauki jiki ne a wani lokaci kamar yadda suka yi imani Yesu ya yi. Littafin Mormon kansa, wanda aka buga a 1830, yana da ayoyin da ke cewa Allah ɗaya ne kuma ba ya canzawa, kuma wasu darussan aƙida da suka buga a 1835 sun siffanta Uba da cewa ruhu ne, aka cire su daga littafin Koyarwa da Alkawura a 1921. Wannan yana nuna cewa aƙidar ta yi ta sauyawa a hannun Joseph Smith cikin shekara goma sha huɗu. Haka kuma kada ki ɗauki zancen nan da ake yi musu ba'a da shi, wai kowane Mormon yana jiran a ba shi tasa duniyar, domin cocin ya ce a wata maƙala ta 2014 kaɗan ne daga mabiyansa suke kallon al'amarin haka. Abin da ba sa ja da baya a kansa shi ne Uba yana da jiki, mutane 'ya'yansa ne na haƙiƙa a ruhu, kuma ɗa yana iya girma ya zama kamar ubansa.

A nan ne maganar jinsi take shigowa da kanta. Idan Allah mutum ne da aka ɗaukaka, mai tsoka da ƙashi, to kasancewarsa namiji haƙiƙa ce ba salon magana ba, kuma idan ya haifi ruhohi haihuwa ta gaskiya, sai a tambayi ina uwarsu. Wata fitacciyar marubuciyarsu, Eliza R. Snow, 'yar'uwar Lorenzo Snow, ta yi wannan tambaya a wata waƙa da ta rubuta a 1845 wadda suke rerawa a coci har gobe, ta ce hankali ba zai karɓi cewa iyaye a sama gwauraye ne ba, don haka lallai tana da uwa a can. Shugabannin cocin sun tabbatar da hakan a sanarwar 1909 da ta ce iyaye na sama ne suka haifi mutum a matsayin ruhu, sannan a sanarwar iyali ta 23 ga Satumban 1995 suka ce kowane mutum ɗa ne ko 'ya ga iyaye na sama, kuma zama namiji ko mace siffa ce ta asali da mutum yake da ita kafin a haife shi, da rayuwarsa ta duniya, da har abada. Sashe na 131 da na 132 na littafin Koyarwa da Alkawura sun ƙulla matakin ƙoli na aljanna da auren da aka ɗaura a haikali, inda aka yi wa ma'auratan alkawarin zuriya marar yankewa, aka ce a lokacin za su zama alloli. Ke nan a wurinsu allantaka kanta ba ta cika sai da miji da mata. Duk da haka, cocin ya amsa a wata maƙala ta 2015 cewa babu wani rubutaccen wahayi daga Joseph Smith a kan wannan Uwa, ba a san sunanta ba, kuma tun 1991 Hinckley ya ce bai dace a yi mata addu'a ba, har an kori wasu marubuta mata daga cocin a shekarun da suka biyo baya, kuma rubuce-rubucensu a kan wannan Uwa na cikin abin da ya jawo musu hakan.

Mu dawo gida. Duk yaron da ya zauna gaban malami a zaure ya buɗe Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, abin da zai fara cin karo da shi a babin aƙida shi ne cewa Allah abin bauta ne guda ɗaya, babu wani abin bauta sai shi, ba shi da mai kama da shi, ba shi da tamka, ba shi da ɗa, ba shi da mahaifi, ba shi da mata, ba shi da abokin tarayya, farkonsa ba shi da mafari, ƙarshensa ba shi da matuƙa. Ki duba jerin nan da kyau, za ki ga kusan kowace gaɓa tana amsa ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa a sama, alhali an rubuta ta fiye da shekara ɗari takwas kafin a haifi Joseph Smith. Haka siffofi ashirin da Shehu Sanusi ya tsara, waɗanda aka daɗe ana haddacewa a ƙasar Hausa, bayan samuwa sai rashin farko, sai wanzuwa, sai saɓa wa fararrun abubuwa, sai tsayuwa da kai, sai kaɗaitaka. Waɗannan malamai ba daga kansu suka ƙirƙiro ba, sun ɗebo ne daga Ƙulhuwallahu, wadda ta ce bai haifa ba, ba a haife shi ba, kuma babu wani da ya zama tamka gare shi, da aya ta 11 a Suratus Shura da ta ce babu wani abu da yake kama da shi, kuma shi mai ji ne mai gani, da hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari cewa Allah ya kasance alhali babu wani abu waninsa. Wannan hadisi shi kaɗai ya rufe ƙofar maddah mai daɗewa da hankali marar mahalicci.

Akwai wata aya da nake so ki riƙe ta musamman, ita ce ta 101 a Suratul An'am, inda Allah yake cewa shi ne maƙagin sammai da ƙasa, ta yaya zai kasance da ɗa alhali ba shi da mata, kuma shi ya halicci komai. Abin lura a nan shi ne ayar da waƙar Eliza Snow sun taru a kan ƙa'ida ɗaya, wato haihuwa ta haƙiƙa ba ta yiwuwa sai da abokiyar zama, sannan suka yi hannun riga. Ita ta fara da tabbatar da 'ya'ya, sai hankali ya tilasta mata tabbatar da uwa. Alƙur'ani ya fara da kore mata, sai ɗa ya faɗi da kansa, kuma ya ba da dalili a ƙarshen maganar, cewa shi ya halicci komai, duk wadda za a ce matarsa ce dole ta zama halittarsa, halitta kuwa ba ta zama tsarar Mahalicci balle ta zama abokiyar zamansa. Shi ya sa nake cewa Mormon sun bi tunaninsu har ƙarshensa ba tare da tsoro ba, kuskuren yana matakin farko ne, inda aka ɗauki kalmar uba a kan haƙiƙarta.

Jinsi a mahangar Alƙur'ani alama ce ta abin halitta. Aya ta 49 a Suratuz Zariyat ta ce daga kowane abu an halicci nau'i biyu don ku yi tunani, kuma malaman tafsiri sun ce tunanin da ake nufi shi ne a gane cewa wanda ya yi komai bibbiyu shi tilo ne. Namiji namiji ne saboda akwai mace, mace mace ce saboda akwai namiji, kowanne rabi ne mai bukatar ɗayan, kuma ana haihuwa ne domin ana mutuwa, ana bukatar magaji. Wanda ba ya mutuwa kuma ba ya bukatar kowa, wane aiki jinsi zai yi masa? Mala'iku ma, da suke halittu, malamai sun ce ba a siffanta su da mazantaka ko matantaka, kuma Suratuz Zukhruf ta zargi waɗanda suka mayar da su mata ta tambaye su ko sun halarci halittarsu. Da Larabawan Makka suka ce Lata da Uzza da Manata 'ya'yan Allah ne mata, Suratun Najmi ta ce sunaye ne kawai da su da iyayensu suka ƙirƙira. Don haka amsar Musulmi ba ita ce Allah namiji ne ba mace ba, amsarsa ita ce Allah ba namiji ba ne kuma ba mace ba ne, shi ne ya halicci maza da mata.

To me ya sa muke cewa "Shi"? Wannan tambaya ta fi sauƙin amsawa ga Bahaushe fiye da mai Turanci, domin Turanci yana da wakilin suna na uku da ake yi wa dutse da kujera, shi ya sa mai Turanci in ya ji an ce "shi" sai namiji ya faɗo masa a rai. Hausa da Larabci ba su da wannan na ukun, kowane suna dole ya faɗa ɗaya daga cikin gida biyu. Muna cewa rana ta faɗi, wata ya tsaya, Kano ta cika, ruwa ya sauka, kuma babu wanda ya taɓa zaton rana tana da miji ko wata yana da gemu. Larabci ma haka yake, rana tamace ce a nahawu, wata namiji. Sannan a ƙa'idar Larabci sigar namiji ita ce asali wadda ba ta bukatar alama, ita ake yi wa abin da ba a san jinsinsa ba da abin da ba shi da jinsi, sigar mace ce take ɗaukar ƙarin alama, don haka da an ce "Ita" da an fi kusa da ayyana jinsi. Muna cewa "Shi" ne domin haka Allah ya ambaci kansa a littafinsa, kuma sunayensa da siffofinsa ba a ƙirƙirarsu da ra'ayi. Irin wannan ne "Mu" da Allah yake faɗa a Alƙur'ani, wadda kowa ya san ta girmamawa ce kamar yadda sarki yake cewa mun yi umarni. Joseph Smith, wanda ya koyi Ibraniyanci a garin Kirtland a 1836, ya ga kalmar Elohim tana da sigar jam'i sai ya ɗauke ta a kan alloli masu yawa, har Littafin Ibrahim da ya fitar yake cewa alloli ne suka tsara sama da ƙasa. Wannan hanya ɗaya ce da ta ƙawarki, wato a ɗauki sigar nahawu a gina aƙida a kanta.

Wata rana za ta iya jin kina cewa Ubangiji ta tambaye ki ma'anarsa, in kin ce daga uban gida kalmar ta fito sai ta ce ai ga shi ku ma kuna kiransa uba. Kalmar a Hausa tana nufin mamallaki ne, mai gida, wanda ake ƙarƙashin ikonsa, kamar yadda a da ake cewa ubangijin bawa, kuma ba wanda ya ce shi ya haifi bawan. Magabatanmu sun zaɓe ta ne don ta fassara Rabbu, wadda ita ma haka take a Larabci, kamar a maganar Abdulmuɗɗalibi ga Abraha cewa shi ubangijin raƙuma ne, Ɗakin Ka'aba kuwa yana da Ubangijin da zai kare shi. Babu "Uba" a cikin sunayen Allah da suka zo a Alƙur'ani, kuma da Yahudawa da Nasara suka ce su 'ya'yan Allah ne kuma masoyansa, aya ta 18 a Suratul Ma'ida ta ce a'a, ku mutane ne daga cikin waɗanda ya halitta.

Saura hannu da fuska da daidaita a kan Al'arshi, kuma a nan ba zan ɓoye miki cewa malaman Musulunci sun yi saɓani ba, saɓanin da har yau ake jin amonsa a majalisun karatu na garuruwanmu. Wasu suna tabbatar da siffar kamar yadda ta zo, su ce hannu ne da ya dace da girmansa ba tare da an san yanayinsa ba. Wasu suna karanta ayar su bar sanin ma'anarta ga Allah. Wasu kuma, musamman daga cikin Ash'arawa da Maturidawa na baya, suna fassara hannu da iko ko ni'ima, fuska da zati. Amma dukkansu sun haɗu a kan kore kamanni. Da aka tambayi Imamu Malik yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi, ya ce daidaitar sananniya ce, yanayinta ba a san shi ba, imani da ita wajibi ne, tambaya a kanta bidi'a ce. Imamu Ɗahawi ya rubuta a aƙidarsa cewa Allah ya ɗaukaka daga iyakoki da gaɓoɓi da sassa. Ko Ibnu Taimiyya, wanda ya ƙi yarda a tabbatar da kalmar "jiki" ko a kore ta sai an tambayi mai faɗarta abin da yake nufi, bai yarda da jikin tsoka da ƙashi irin na halitta ba. An samu 'yan tsiraru a ƙarnonin farko da aka danganta musu cewa Allah jiki ne mai tsawo da faɗi, malamai suka kira su Mujassima suka yi watsi da maganarsu, ke nan abin da yake ginshiƙi a cocin ƙawarki, a tarihinmu ɓata ne da aka daɗe da yi wa suna. Hadisin da ya ce Allah ya halicci Adamu a kan surarsa, wanda za ta iya gwama shi da ayar Attaura da suke kafa hujja da ita, wadda ta ce Allah ya halicci mutum a cikin siffarsa, malamai da yawa sun ce surar Adamu ake nufi, wato an halicce shi cikakken mutum bai bi matakan ciki da yarinta ba, waɗanda suka mayar da lamirin ga Allah kuwa sun ce jinginawa ce ta girmamawa ko siffa ce ba tare da kamanni ba. Game da gani kuma, Ahlus Sunna sun yi imani muminai za su ga Ubangijinsu a lahira ba tare da an san yanayin ganin ba, amma a duniya Annabi Musa (AS) ya roƙa aka ce masa ba za ka gan ni ba, dutsen ya niƙe, shi kuma Musa ya faɗi sumamme, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa babu wanda zai ga Ubangijinsa sai ya mutu. Wannan ya ishe ki sanin matsayin Musulmi a kan labarin kurmin Palmyra.

Makomar mutum ma ta bi wannan rabuwa. Su suna fatan ɗa ya gaji matsayin uba, mu kuwa mafi girman matsayi a wurinmu shi ne bauta. A daren da aka ɗaga Annabi (SAW) zuwa inda babu wanda ya taɓa kaiwa, sunan da farkon Suratul Isra'i ta kira shi da shi shi ne bawa, kuma Suratu Maryam ta ce babu kowa a sammai da ƙasa face zai zo wa Mai rahama yana bawa. Akwai kusanci da soyayya, har hadisin ƙudusi ya ce Allah yana zama jin bawansa da ganinsa idan ya so shi, amma malamai sun fassara hakan da kiyayewa da dacewa, bawa yana nan bawa.

Maganarta ta ƙarshe, cewa samun Uwa a sama ya fi girmama mata, ita ce ta fi taɓa zuciya, kuma ban raina ta ba, domin na san mata da yawa a cocin nasu suna samun natsuwa da ita. Sai dai ina ganin idan aka ce Allah namiji ne na haƙiƙa, to an riga an ba maza wata kusanta da shi da mata ba su da ita, sai a koma neman abin da za a cike giɓin da shi, ga shi kuma Uwar da aka samo ba a kiran sunanta, ba a roƙonta, duk addu'a ga Uba take tafiya. A Musulunci giɓin bai taso ba tun farko, domin namiji bai fi ki kama da Allah ba ko da ƙwayar zarra, ku duka bayi ne a gaban wanda babu mai kama da shi, kuma aya ta 35 a Suratul Ahzab ta jera Musulmi maza da mata, muminai maza da mata, har siffa goma, ta yi musu alkawarin gafara da lada iri ɗaya. Tausayin uwa da take nema a sama kuwa, Musulunci bai rasa shi ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa Allah ya ce shi ne Arrahmanu, shi ya halicci mahaifa, ya tsago mata suna daga sunansa, domin rahama da mahaifa a Larabci daga tushe ɗaya suke. Sayyidina Umar (RA) ya ba da labari, kamar yadda yake a Bukhari da Muslim, cewa an kawo wasu kamammun yaƙi, a cikinsu akwai wata mata da take ta neman ɗanta, da ta samu jariri sai ta rungume shi ta ba shi nono. Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai ko suna ganin matar nan za ta jefa ɗanta a wuta, suka ce a'a, matuƙar tana da ikon hanawa, sai ya ce Allah ya fi jin ƙan bayinsa fiye da yadda matar nan take jin ƙan ɗanta. Da ya tashi nuna wa sahabbansa girman rahamar Allah, uwa mai shayarwa ya nuna musu, bai kuma ce Allah uwa ne ba, cewa ya yi ya fi ta. Ki karanta wa ƙawarki wannan hadisi tare da aya ta 101 ta Suratul An'am, sannan ki saurari abin da za ta ce.